Ahmed Uyahya: Daga Fadar Gwamnati Zuwa Gidan Kaso

Ranar Talata 10 ga watan Disamba na shekarar 2019, kotun unguwar Sidi Muhammad da ke birnin Alje ta yanke wa Ahmed Uyahya hukuncin ɗaurin shekara 15 a gidan kaso. A zama guda ta ɗaure Abdulmalik Sallal shekara 12. Dukkansu biyu sun riƙe muƙamin faraministan Aljeriya, kuma tun da ƙasar ta samu ƴancin kanta a 1962 ba a taɓa gurfanar da masu irin wannan muƙami gaban alƙali ba sai a wannan karo. An nuna wani ɓangare na shari'ar a talabijin, talakawa suka ga da idonsu mutumin da ya shugabanci gwamnatinsu har sau huɗu yana tsaye yana amsa tambayoyi kamar kowane mai laifi. Kwana biyu bayan haka aka yi zaɓen shugaban ƙasa, wanda ya ci kuwa shi ne Abdulmajid Tabbun, wato mutumin da aka sallama daga faraminista a watan Agusta na 2017 domin a ɗora Uyahya a gurbinsa. Duniya rawar ƴanmata ce, in ji masu iya magana.

Labarin wannan mutum ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau a Nijar, domin Aljeriya maƙwabciya ce, iyaka mai tsawon kusan kilomita 1000 ta haɗa ƙasashen biyu, kuma wasu daga cikin ayyukansa da maganganunsa sun taɓa mutanen Agadas da na Damagaram kai tsaye.

An haifi Uyahya ranar 2 ga watan Yuli na 1952 a ƙauyen Bu'adnan, cikin duwatsun ƙasar Kabilawa, a jihar Tizi Uzu. A Alje ya tashi, a can kuma ya shiga makarantar horon manyan ma'aikatan mulki, wato ENA, wadda ta fitar da yawancin waɗanda suka riƙe ofisoshin ƙasar bayan tafiyar Faransawa. Ba shi cikin waɗanda suka yi yaƙin neman ƴanci, shekarunsa goma kacal lokacin da aka gama shi. Wannan abu ne mai muhimmanci a siyasar Aljeriya, inda aka daɗe ana auna darajar mutum da rawar da ya taka a yaƙin. Wanda ba shi da wannan tarihi, ba shi kuma da kakin soja, sai ya nemi wata hanya ta zama mai amfani ga masu mulki. Uyahya ya zaɓi hanyar aiki tuƙuru da sanin takardu da kame baki.

A ma'aikatar harkokin waje ya fara fice. Ya yi aiki a ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Abijan, daga nan aka tura shi wakilcin Aljeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya cikin shekarun 1980. Da tawayen Abzinawa ya ɓarke a arewacin Mali a 1990, Aljeriya ce ta shiga tsakani, kuma Uyahya na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattaunawar da ta kai ga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Bamako ranar 11 ga watan Afrilu na 1992. A shekarar nan aka naɗa shi jakada a Mali. Bayan shekaru, lokacin da Abdul'aziz Butaflika ke shugabancin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Uyahya ne manzon da ya yi ta kai da kawowa tsakanin Adis Ababa da Asmara, har Habasha da Eritriya suka amince da tsagaita wuta a watan Yuni na 2000, suka kuma ƙulla sulhu a Alje ranar 12 ga watan Disamba na wannan shekara, bayan yaƙin da ya ci dubban rayuka. Yana faraminista ne kuma aka sa hannu a Alje, a watan Nuwamba na 1997, kan ƙarin yarjejeniyar da ta cike sulhun 24 ga watan Afrilu na 1995 tsakanin gwamnatin Nijar da ƴan tawaye. Waɗannan ayyuka nasa ne da ƙasarsa, hukuncin kotu bai shafe su ba, kuma mai adalci ba ya hana shi yabonsu.

Sai dai ƴan Aljeriya ba ta wannan fuska suka san shi ba. Shugaba Liyamin Zarwal ya ɗauke shi daraktan fadarsa a 1994, sa'an nan ya ba shi shugabancin gwamnati ranar 31 ga watan Disamba na 1995, yana da shekara 43. Ƙasar a lokacin tana cikin tsaka mai wuya. Tun da soja suka soke zaɓen da jam'iyyar FIS ke shirin lashewa a watan Janairu na 1992, kisa ya zama ruwan dare tsakanin dakarun gwamnati da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai. Baitulmali ya ƙafe, farashin man fetur ya faɗi, bashin waje ya kai wajen dalar Amurka miliyar 30, kuma asusun FMI ya riga ya gindaya sharuɗɗansa tun 1994. Gwamnati tana bukatar wanda zai sa hannu kan abin da kowa ke gudu. Uyahya ya sa. Aka rufe ɗaruruwan kamfanonin gwamnati, aka sallami ma'aikata dubbai ɗaruruwa. A watan Fabrairu na 1996 ya ba da umarnin a zaftare wani abu daga albashin ma'aikatan gwamnati domin a biya ma'aikatan gine-gine da suka yi watanni ba albashi, wato aka ɗebi na talaka aka ba talaka. Ƙungiyar ƙwadago ta UGTA ta amsa da yajin aiki. Har ya faɗi daga mulki, ma'aikata ba su manta da wannan zaftarewa ba.

Ana iya cewa maganin ɗaci ne, amma dole a sha shi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ƙasar da ba ta iya biyan bashinta ba ta da zaɓi mai yawa, mutanen Nijar da suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 sun san haka sarai. Abin da ba shi da uzuri shi ne wani aiki na dabam da aka yi a daidai wannan lokaci da sunan tsabtace hannuwa. Gwamnatin Uyahya ta ƙaddamar da farautar shugabannin kamfanonin gwamnati bisa zargin almubazzaranci da cin amana. Aka kama da yawa, mafi shahara su ne jagororin kamfanin ƙarafa na SIDER da ke Annaba. Sun yi watanni, wasu shekaru, a tsare kafin a yi musu shari'a, daga baya kuma kotuna suka wanke da dama daga cikinsu, bayan lafiya ta tafi, suna ya ɓaci, iyali sun watse. Darasin da sauran ma'aikata suka ɗauka shi ne kada mutum ya yanke shawara da kansa, ya jira waya daga sama. Wannan tsoro ya daɗe a ofisoshin Aljeriya, kuma shi ne ya share fage ga irin umarnin baki da baki da aka zo ana tuhumar Uyahya a kansa bayan shekara 20.

A fagen siyasa ma haka. An kafa jam'iyyar RND a watan Fabrairu na 1997, cikin wata huɗu ta lashe kujeru 156 daga cikin 380 na majalisar dokoki. Mutanen Alje, da ba su rasa abin ba'a, suka laƙaba mata jaririn da aka haifa da gashin baki. Zaɓen ƙananan hukumomi na watan Oktoba na wannan shekara ya jawo zanga-zangar jam'iyyu da dama, har da waɗanda ke cikin gwamnati, saboda maguɗi. Uyahya ne shugaban gwamnatin da ta shirya zaɓuɓɓukan biyu, a 1999 kuma ya karɓi ragamar jam'iyyar. A shekarar 1997 ɗin nan ce aka yi wa ɗaruruwan mutane yankan rago a ƙauyukan Rayis da Bentalha, a bakin ƙofar babban birni, alhali kuwa gwamnati na ta nanata cewa ta'addanci saura ƙiris ya rage. A watan Janairu na 1998 ya shaida wa majalisa cewa mutum dubu 26 da ɗoriya ne suka mutu tun farkon rikicin, adadin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce bai kai ko kusa da gaskiya ba.

Shi kansa bai ɓoye matsayinsa ba. An laƙaba masa mai aikin ƙazanta, ya karɓi laƙabin da alfahari, yana nufin shi ne mai yi wa ƙasa aikin da wasu ke ƙyama. A nan ne ya kamata a tsaya. Akwai bambanci tsakanin bawan ƙasa da bawan mai mulki, kuma tsawon shekara 25 Uyahya ya yi ta gwama su kamar abu guda ne. Ya bauta wa Zarwal, da Zarwal ya sauka ya bauta wa Butaflika. Yana ministan shari'a aka tsananta dokar hukunta ƴan jarida a 2001, ta yadda zanen barkwanci kan shugaban ƙasa ko soja zai iya kai mutum kurkuku. Da Ali Benflis ya nuna sha'awar takara da Butaflika, aka tuɓe shi a watan Mayu na 2003 aka kira Uyahya. Aka ajiye shi a 2006, aka sake kiransa a watan Yuni na 2008, daidai lokacin da ake bukatar wanda zai kai wa majalisa gyaran tsarin mulki. A watan Nuwamba na wannan shekara aka cire ƙa'idar da ta kayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu, aka kuma rage ikon shugaban gwamnati ya koma mai tsara aiki kawai. Uyahya ya kare gyaran da ya rage masa iko da bakinsa, bai nuna ko gezau ba. Duk lokacin da aka ajiye shi ya tafi shiru, duk lokacin da aka kira shi ya dawo da jakarsa. An daɗe ana cewa jira yake ranar da za a ba shi kujerar da ta fi kowace, ranar kuwa ba ta zo ba.

Ba a rasa abin kirki cikin shekarun nan. Da kuɗin man fetur suka yi ambaliya, Aljeriya ta biya mafi yawan bashinta na waje kafin wa'adi, tsakanin 2004 da 2006, kuma gwamnatin Uyahya ce ta soma aikin. An gina gidaje da madatsun ruwa da jami'o'i, an shimfiɗa babbar hanyar gabas zuwa yamma mai kilomita fiye da 1200. Amma cikin shekarun nan ne bankin Khalifa ya rushe a 2003 da ajiyar talakawa da ta asusun ma'aikata, cikinsu ne abin kunyar kamfanin Sonatrach ya fito fili a 2010, ita kanta babbar hanyar sai da ta kai mutane kotu a 2015. A kowace shari'a an ɗaure daraktoci da ƴan tsakiya, ministocin da ke kan kujera kuwa sai dai a kira su shaida, ko a karanta takardarsu. Gwamnatin Uyahya ce ta kawo dokar yaƙi da cin hanci ta ranar 20 ga watan Fabrairu na 2006. Dokar ta yi shekara 13 tana kama ƙananan kifaye kafin ta juyo kan wanda ya kawo ta.

Zuwansa na huɗu shi ne mafi muni. Butaflika ya kamu da shanyewar jiki a watan Afrilu na 2013, ya daina yi wa jama'a magana, duk da haka aka sake tsayar da shi a 2014. Iko ya koma hannun ƙanensa Sa'id da wasu attajirai da suka yi ƙiba da kwangilar gwamnati, babbansu Ali Haddad, shugaban ƙungiyar masu kamfanoni. Farashin mai ya karye a tsakiyar 2014, ajiyar kuɗin waje da ta kusa dalar Amurka miliyar 200 ta zube ƙasa da 100 kafin ƙarshen 2017. Tabbun, da aka naɗa faraminista a watan Mayu na 2017, ya yi maganar raba kuɗi da siyasa, ya taɓa Haddad, bai cika wata uku ba aka kore shi. Uyahya ya dawo, ya sasanta da attajiran, ya shaida wa majalisa cewa in ba a bar babban banki ya buga kuɗi ya ranta wa gwamnati ba, albashin ma'aikata ma zai gagara. Aka gyara doka a watan Oktoba, kafin farkon 2019 an buga fiye da dinari miliyar 6500.

Ana cikin haka ne ya furta maganar da ba za a manta da ita a kudancin Sahara ba. A watan Yuli na 2017, yana daraktan fadar shugaban ƙasa, ya ce a talabijin baƙin da ke zaune Aljeriya ba da takardu ba su ne ke kawo laifuffuka da miyagun ƙwayoyi da sauran annoba. Waɗanda yake nufi ba ɓoyayyu ba ne. Cikinsu akwai leburori ƴan Mali da Gine da Nijar da ke ɗora tubali a gine-ginen Alje da Oran, akwai mata da yaran ƙasar Kance da yunwa ta kora bara, irin mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu cikin hamada arewa da Arlit a watan Oktoba na 2013. Kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, Nijar da Aljeriya ma sun yi yarjejeniyar mayar da ƴan Nijar gida tun 2014. Amma ɗora wa talakan da ya zo neman abinci laifin ɓarnar ƙasa, daga bakin mutumin da a daidai lokacin yake sayar da zinariyar kyauta a kasuwar bayan fage, kamar yadda ya amsa daga baya, abu ne da ya wuce rashin kunya. Bayan ya koma faraminista korar ta tsananta. Ana sauke mutane a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito a watan Yuni na 2018 cewa fiye da mutum dubu 13 aka zubar a hamada cikin wata 14. Babu kotun da ta tambaye shi wannan.

Ranar Juma'a 22 ga watan Fabrairu na 2019 jama'a suka fito tituna suna ƙin wa'adi na biyar. Uyahya, wanda jam'iyyarsa na cikin masu kiran Butaflika ya sake tsayawa, ya je majalisa ya yi gargaɗi cewa a Siriya ma da furanni aka fara. Matasa suka amsa masa a titi cewa Aljeriya ba Siriya ba ce, suka ci gaba da fita kowace Juma'a galibi cikin lumana. Ranar 11 ga watan Maris ya sauka. Da ya ga iska ta juya, shi ma ya bi sahun masu roƙon Butaflika ya yi murabus, abin da bai cece shi ba. Butaflika ya sauka ranar 2 ga watan Afrilu bisa matsin babban hafsan soja, Janar Ahmed Gayid Salah, wanda ya shiga kiran na kusa da shugaban gungun ɓarayi, alhali shi kansa ya yi shekara 15 a kan muƙaminsa ƙarƙashin shugaban nan. Ranar 12 ga watan Yuni aka kai Uyahya kurkukun El Harrash. Taron jama'a suka tarbi motar da jifa da gwangwanayen nonon yawur, saboda wata magana da aka daɗe ana jingina masa, wai ba dole ba ne talaka ya sha yawur.

Me aka same shi da shi? Batun haɗa motoci ne. Domin rage kuɗin da ke fita wajen sayen motoci, gwamnati ta taƙaita shigo da su, ta ce a riƙa haɗa su cikin gida. Wanda aka ba izini yana shigo da sassan mota ba kwastan, ba haraji, ga fili kyauta ko da araha, ga bashin bankunan gwamnati. A takarda, sharaɗin shi ne a riƙa ƙara yawan sassan da ake ƙerawa a ƙasar shekara bayan shekara. A zahiri, izinin ya faɗa hannun ƴan tsirarun attajirai na kusa da fada, wasunsu ba su taɓa harkar mota ba, aka ture waɗanda suka daɗe cikinta. Aka buɗe masana'antar Hyundai a Tiyaret, ta Volkswagen a Relizan, ta Kia a Batna. A 2017 hotuna suka bazu na motoci da suka iso cikin kwantena a haɗe sarai, ƙafafu kawai za a ɗaura musu, jama'a suka sa wa masana'antun suna wuraren hura taya. Motar da aka ce ta gida ce ta fi wadda ake shigowa da ita tsada. An ƙiyasta wa kotu asarar baitulmali da fiye da dinari miliyar 128. Aka haɗa shari'ar da ta kuɗin da attajiran nan suka zuba a ɓoye domin yaƙin neman wa'adi na biyar, wato hannu ya wanke hannu. Kotu ta sami Uyahya da laifin ba da fifiko ba bisa ƙa'ida ba, da amfani da muƙami ta hanyar da ba ta dace ba, da ɓarnatar da dukiyar jama'a. Tsohon ministan masana'antu Abdussalam Bushuwarab, da ya riga ya tsere waje, aka yanke masa shekara 20 a bayan idonsa.

Tambayar da ta fi ba shi wuya ita ce ta kuɗin da aka gani cikin asusunsa na banki, waɗanda bai taɓa bayyanawa ba. Ya yi shekara guda yana kewaye-kewaye. Sai a watan Janairu na 2021, da aka sake sauraron shari'ar bayan kotun ƙoli ta soke hukuncin ɗaukaka ƙara, ya buɗe baki. Ya ce sarakunan ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da ke zuwa farauta a hamadar Aljeriya ne suka ba shi sandunan zinariya 60 kyauta, kamar yadda suke ba sauran manya, shi kuma ya sayar da su a kasuwar bayan fage kan dinari miliyan 350. Ya faɗi haka ne domin ya nuna kuɗin ba na cin hancin motoci ba ne. Wato mutumin da ya hana talakawa bashin banki na sayen kaya a 2009 da sunan tsimi, wanda ya ɗaure daraktoci kan abin da bai kai wannan ba, kariyarsa ita ce ya karɓi zinariya daga baƙi yana bakin aiki, ya ɓoye wa hukuma, ya kai kasuwar da doka ta haramta. Kotu ta tabbatar da shekara 15 ɗin a ƙarshen watan. Wasu shari'o'i da dama sun biyo baya, na Haddad da na Tahkut da na Sovac, kowace da nata hukunci, ko da yake a dokar ƙasar mafi tsawo ne ake zama.

To, an yi adalci ke nan? Game da laifin, bakinsa ya yanke masa. Game da yadda aka yi shari'ar kuwa, akwai abin dubawa, kuma ƙin Uyahya bai kamata ya rufe wa kowa ido ba. An gaggauta zaman kotu kwanaki kaɗan kafin zaɓen da masu zanga-zanga suka ƙaurace wa, zaɓen da bai samu ko kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba, har lauyoyi da dama suka fice suna cewa siyasa ce ake yi da rigar alƙali. Kotunan da suka ɗaure shi, a watannin nan suna ɗaure matasan da suka fito titi suna neman a kama shi. Butaflika, wanda Uyahya da Sallal suka ce shirinsa suke aiwatarwa, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba har ya rasu ranar 17 ga watan Satumba na 2021. A watan Yuni na 2020 an kai Uyahya jana'izar ɗan'uwansa, wanda shi ne lauyansa, da ankwa a hannu, ya rame, jandarmomi sun kewaye shi, kyamarori na ɗauka. Ko waɗanda suka yi masa jifa da yawa sun ce wannan tozarci ne, maƙabarta ba wurin nuna fursuna ba ce. Daga baya aka ɗauke shi zuwa kurkukun Abadla, a jihar Bashar, can cikin hamada, daga nan yake amsa tambayoyin alƙalai ta allon talabijin.

Lauyoyinsa sun kawo wata hujja mai ƙarfi. Tsarin mulkin 1996 ya tanadi wata Babbar Kotun Ƙasa ta musamman wadda ita kaɗai ce ke da hurumin hukunta shugaban ƙasa da shugaban gwamnati kan laifin da suka aikata a bakin aiki, saboda haka kotun Sidi Muhammad ba ta da ikon taɓa shi. A takarda gaskiya suka faɗa. Amma ba a kafa wannan kotu ba cikin shekara 23 da suka biyo baya, domin ba a taɓa kawo dokar da za ta tsara ta ba. Wa ya kamata ya kawo dokar? Cikin shekarun nan Uyahya ya shugabanci gwamnati sama da shekara goma jimilla, ya riƙe ma'aikatar shari'a daga 1999 zuwa 2002, ya jagoranci shawarwarin gyaran tsarin mulki a 2014, jam'iyyarsa kuma ba ta taɓa fita daga masu rinjaye a majalisa ba. Rashin kotun ya yi wa masu mulki daɗi muddin suna kan kujera, tun da babu inda za a kai su. Ranar da ya bukaci kariyarta, sai ya tarar da ramin da ya bari a buɗe.

Masu kare shi suna cewa an mayar da shi saniyar sadaka, tsarin da ya yi wa aiki yana nan, ya sauya fuska kawai. Rabin maganar gaskiya ne, amma ba ta wanke shi. Mutumin da ya fi kowa sanin takardun ƙasar, wanda zai iya tsayawa awa uku gaban ƴan majalisa yana zuba alƙaluma ba tare da duba rubutu ba, ba zai ce bai san abin da yake sa wa hannu ba. Sallal ya ce wa alƙali shi umarni yake bi, ba shi da iko. Uyahya ya fi shi girman kai, ya ce manufar gwamnati ya aiwatar domin samar da aikin yi da rage fitar kuɗi. Sakamakon manufar yana nan a ƙasa. Bayan 2019 gwamnati ta tsayar da rangwamen shigo da sassan motoci, masana'antun Tiyaret da Relizan da Batna suka rufe, dubban ma'aikata suka koma gida. Aljeriya ta yi kusan shekara uku haɗa mota ya kusa tsayawa cik, shigo da sabuwa ma haka, har tsohuwar mota ta fi kuɗin da aka saye ta tana sabuwa. Sai a watan Disamba na 2023 aka buɗe masana'antar Fiat kusa da Oran, bisa sabbin sharuɗɗa.